Yaron da Ya Fi Son Murafen Kwalba da Wasan Yara

Tun jariri yana goye, fuskar mutum ce abin kallonsa. Kafin ya cika shekara, in an kira sunansa zai waiwayo. Wajen wata 18, in kwalekwale ya gifta a kogin Matan Fada na Argungu, zai nuna da yatsa, sannan ya juyo ya dubi uwarsa ko ita ma ta gani. Wannan juyowar, ya ku iyaye, ita ce abin lura.

To, akwai yaron da ba ya juyowa. Sa'o'insa na guje-guje a tsakar gida, shi yana gindin rumbu yana jera murafen kwalba, kullum jeri iri ɗaya. In ƙanwarsa ta gusar da guda, sai kuka da birgima. In yana son ruwa, ya kama hannun uwarsa ya ɗora a kan randa, bai dube ta ba. Kaka ta ce miskili ne, maƙwabta su ce iska ce. Al'adarmu ma tana ɓoye abin, domin sunkuyar da kai ladabi ne a wurinmu. Amma ɗan shekara biyu ina ya san kunya?

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana yara 11 masu irin wannan hali a 1943, ya lura sun fi sakewa da kaya a kan mutane. Wannan halin ne ake kira galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma take, gado ma yana da hannu. Ba rigakafi ke kawo ta ba, ba kuma sakacin uwa ba.

Kada dai a yanke hukunci a gida. Kowane yaro yana da abin wasan da ya ƙwallafa wa rai, wani kuma kunne ne sanƙarau ko ƙyanda ya taɓa. A kai shi Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, a fara da gwajin ji.

Murafen nan kuwa, kada a ƙwace. Uwa, zauna a ƙasa daidai tsayinsa, ki jera naki kusa da nasa. Ɗauki guda ki kai kusa da idonki, ki jira. In ya ɗago, ko da ƙiftawa ɗaya ce, miƙa masa da fara'a, ki faɗi sunan abin. Gobe ki maimaita, yayyensa ma su koya. Duka ba ya koya wa yaro kallon fuska, sai dai ya ƙara masa gudun mutane.

Maigida, kai ma kada ka ce sai ya isa shiga makaranta. A kai shi asibiti tun bana.