Bayan Yaye: Ina Mai Cuku Zai Samu Madara?

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan cuku ne, wanda wasu ke kira awarar nono, a Ghana da Benin kuma wagashi. Da yawanmu muna shirin koyon sana'a a lokacin hutu, to ga abin da ke jiran mai koyo ranar da aka yaye shi.

Aikin hannun ba shi da wuya. A tace madarar safe, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a daka ganyen tumfafiya a tace ruwansa a ciki. Madarar za ta dunƙule, ruwa ya ware. A kwashe a ɗan kwando ya tsane. Masu son ja sukan dafa shi da karan dafi.

Abin da mai koyo ba ya lura da shi a gidan uwarɗakinsa shi ne lissafin madara, domin kullum a ƙwarya yake tarar da ita. Kilo 1 na cuku yana cin kusan lita 5. Saniyar bunaji kuwa, bayan maraƙi ya sha, lita 1 zuwa 2 ake tatsa a rana. Ke nan mai shanu 3 da ƙyar zai haɗa kilo guda, shi ma da damina. Da rani ciyawa ta ƙare, nono ya ja baya, ga harawa da dusa sai da kuɗi. Wanda ya sayi karsana don araha kuma zai sha jira, tunda ba nono sai ta haihu, cikinta kuma wata 9 ne.

Shi ya sa a ganinmu kuskure ne a zuba jari duka a shanu tun farko. Gara a ƙulla ciniki da ruga ɗaya ko biyu, a riƙa biya hannu da hannu, idan riba ta taru a sayi saniya mai tatsa. Harawar rani kuma tun da kaka ake tara ta.

Sai maganar ajiya. Ɗanyen cuku ba ya wuce kwana 2 ko 3 a zafin nan namu, sai dai a riƙa sake tafasa shi a ruwan gishiri ko a soya. A Nijar, wajen Tawa da Abalak, shimfiɗa nasu suke yi fale-fale a tabarma ya bushe, ya yi watanni. Wanda ba shi da firji, ya san masu sayensa kafin ya hura wuta.