Kan sarki a ƙasar waje: me ke faruwa idan farashi ya tashi?

Yaron da ya tashi a Ƙofar Sauri ta Katsina a zamanin WhatsApp yana iya gama jami'a bai taɓa liƙa kan sarki a ambulan ba. Iyayensa kam sun san hanyar gidan waya, tun ana cewa P&T har aka kafa NIPOST a 1985. Tsarin da suka saba da shi a fili yake: kowane kan sarki da kuɗinsa a rubuce, kwabo kaza ko naira kaza, in farashi ya tashi sai ka sayi wani ka ƙara a gefe. Amma kai da ka sauka a Amurka ko Ingila ko Kanada, ba za ka daɗe ba za ka ga wasiƙa tana nan da ranta. Ofishin shige da fice, masu haraji, kamfanin inshora, wani lokaci har mai gidan haya, duk akwai ranar da za su ce takarda suke so ta gidan waya. Sai ka je saye, a miƙo maka kan sarkin da babu ko lamba ɗaya ta kuɗi a jikinsa.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne kan sarki iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta wa kuɗi, akwai wanda aka rubuta wa aiki. Mai kuɗi a jiki, darajarsa ita ce abin da aka buga, ba ta motsi. Mai aiki a jiki kuwa alkawari ne gidan waya ya ɗauka cewa zai kai maka wasiƙa ɗaya a cikin ƙasar, ko yaushe ka tashi aikawa. Kamar ka biya mai hatsi kuɗin tiya guda tun da kaka, ya yarda duk ranar da ka zo, ko da tsakar damina ne gero ya yi tsada, cikakkiyar tiya zai auna maka.

A Amurka sunan irin wannan Forever. Hukumar USPS ta fara sayar da shi a Afrilun 2007 a kan senti 41, daga 2011 kuma kusan duk kan sarkin wasiƙar cikin gida ya koma wannan tsari. Farashin ya yi ta hawa: senti 55 a 2019, 60 a Yulin 2022, 68 a Janairun 2024, 73 a Yulin 2024, 78 a Yulin 2025. Wanda ya tsinci na senti 41 a tsohuwar aljihun tebur, yau zai liƙa shi ya jefa a akwati, ba wanda zai ce ya cika ko sisi. Sharaɗin dai wasiƙar kada ta wuce oza ɗaya, wato kamar giram 28, abin da bai fi 'yan shafuka huɗu ko biyar da ambulan ɗinsu ba. In ta wuce, kowace oza da kuɗinta, akwai ma kan sarkin ƙarin nauyi na musamman. Ambulan mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ko mai tauri, ko wanda ka saka wa makulli ya yi tudu, shi ma da ƙarin kuɗi, don inji ba ya iya tantance shi sai da hannu.

Ingila ta riga Amurka, tun 1989 take da masu rubutun 1st da 2nd. Na farko ya fi sauri, na biyu ya fi araha, kuma hukumar Ofcom ta sa wa farashin na biyun linzami don talaka. Na farkon kuwa gudu yake: peni 95 a 2022, fam 1.35 a Afrilun 2024, fam 1.65 a Oktoban shekarar, fam 1.70 a Afrilun 2025, lokacin da na biyu yake peni 87. A can ba nauyi kawai ake dubawa ba. Wasiƙa ta yau da kullum kada ta wuce giram 100, kaurinta kada ya wuce milimita 5. A kan kantar gidan waya za ka ga wani faranti mai tsaga, ma'aikaciya ta zura ambulan ɗinka a ciki. In ya maƙale, ya zama babbar wasiƙa, kuɗi ya canza. Wanda ya liƙa abin da bai kai ba, wanda ya aika wa ne za a jefa wa kati a ƙofa a ce ya biya tara kafin ya karɓa. Ka duba kunyar, a ce takardar neman aiki ce.

Sai dai Ingilar nan ta nuna cewa alkawarin "har abada" na hukuma yana da iyaka. Royal Mail, gidan wayar ƙasar, ta fito da sababbin kan sarki masu ɗan zanen ɗigo-ɗigo a gefe wanda na'ura ke karantawa, ta ce tsofaffin na yau da kullum, masu kan Sarauniya kaɗai ba tare da zanen ba, sun daina aiki bayan 31 ga Yulin 2023. Ba a ce kuɗin mutane ya bi ruwa ba, an buɗe tsarin musanya mai suna Swap Out, ka cika fom ka aika tsofaffin a turo maka sababbi. Masu hotuna na tunawa da na Kirsimeti ba su shiga wannan hukunci ba. Don haka idan wani dattijo da ya daɗe a Landan ko Manchesta ya yi maka kyautar ragowar nasa, ka gode masa, sannan ka duba gefensu kafin ka liƙa.

Kanada tana da mai harafin P tun 2006. Faransa, inda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke zuwa, tana da koren kan sarki mara farashi a jiki, jan kuma an daina sayar da shi daga farkon 2023. Jamus irin namu ne na gida, kuɗi a rubuce: da wasiƙa ta tashi daga senti 85 zuwa 95 a Janairun 2025, mai tsohon sai da ya nemi na senti 10 ya cika.

Dalilin hawan ba ɓoyayye ba ne. Wasiƙu suna raguwa, gidajen da dole masinja ya bi suna ƙaruwa. A Ingila an taɓa aika kimanin biliyan 20 a shekara, yanzu ba su kai biliyan 7 ba. A Amurka ma wasiƙun aji na farko sun ragu da fiye da rabi daga ƙololuwarsu ta 2001. Mota da mai da albashi kuwa suna nan. Ba a yin ƙarin dare ɗaya, ana sanarwa makonni kafin ranar, a Amurka ma sai hukumar sa ido ta duba tukuna.

To a tara su ne kafin su tashi? Ni dai shawarata, in ka ji sanarwa ka sayi ɗan littafi ɗaya mai guda 20, ko biyu in kana yawan aike, ka tsaya nan. Ribar 'yan senti ce a kan kowanne, gidan waya ba ya saye ya mayar maka da kuɗi, kuma ba dole ne kullum sama za a yi ba: a Afrilun 2016 farashin Amurka ya sauko daga senti 49 zuwa 47. Ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin tallafin karatu yana da wurin sa kuɗi da ya fi wannan.

Inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne aike gida. Alkawarin Forever ko 1st a cikin ƙasarsu ya tsaya, guda ɗaya ba zai kai wasiƙa Katsina ba. Ana iya amfani da su, amma sai a lissafa su a kan farashin ranar. Ɗauki farashin Amurka na Yulin 2025: wasiƙar oza ɗaya zuwa Nijeriya dala 1.70 ce. Forever biyu dala 1.56 ke nan, saura senti 14, za a iya dawo maka da ita bayan ka sakankance ta yi nisa. Uku kuma dala 2.34, ka yi kyautar senti 64, ba a ba da canji. Mafita ita ce Global Forever, wani kan sarki mai da'ira da aka fito da shi a 2013 a kan dala 1.10, shi ma ba ya tsufa, kuma guda ɗaya ya isa wasiƙar oza ɗaya zuwa kowace ƙasa. Takardu kawai ake sawa a irin wannan. Zobe, turare ko agogon da za ka aika wa Hajiya kaya ne, da fom ɗin kwastan da farashinsu dabam. Tsabar kuɗi kuwa kada ma ka fara.

Adireshin ma ka yi shi yadda za a gane a gida. "Ƙofar Sauri, kusa da masallaci" ya isa ga ɗan unguwa, amma ba ga mai rarraba wasiƙu ba. Ka nemi lambar akwatin gidan waya ta wani ɗan'uwa, ko P.M.B. na makaranta ko ofishin da yake aiki, ka rubuta Katsina, ka sa NIGERIA da manyan baƙaƙe a layin ƙarshe, ka ƙara lambar wayar mai karɓa. Naka adireshin ma ya fito a ambulan. In takardar shaidar karatu ce ko wakilcin gado ko fili, ka bar lissafin kan sarki, ka je kanta a auna a yi mata rajista, a ba ka lambar bin sawu.

Saura masu tallar rangwame. Za ka ga a Facebook ana sayar da Forever ɗari a rabin kuɗi, hoto tsaf kamar na gaske. Araha ba ta ado. USPS ba ta karya farashin kan sarkinta haka, yawancin waɗannan jabu ne, kuma tun 2023 dokarta ta ba ta damar ɗaukar saƙon da aka liƙa wa jabu a matsayin yasasshe, ta buɗe ko ta lalata shi. Takardar da ka aika wa ofishin shige da fice tana da wa'adi, in ta salwanta ta wannan hanya ba uzurin da za a saurara. Ka saya a gidan waya, ko shafinsu na intanet, ko manyan kantuna da shagunan magani da aka san suna sayarwa a kan farashin hukuma.