YAƘIN KWATARKWASHI, 1903

Wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau lalle zai hangi wani ƙaton dutse ya tokare sama, da gari a gindinsa. Wannan shi ne Dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu ta Jihar Zamfara. A yankin nan rundunar Kano ta yi karonta na ƙarshe da Turawa, saboda haka ya kamata kowane hakimi da magatakardansa su san yadda abin ya auku.

Cikin watan Janairu 1903 Sarkin Kano Aliyu Babba ya tashi da manyan sarakunansa da dawaki masu yawa, ya nufi Sakkwato domin gaisuwa ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can sai Kanar Morland ya taso da soja daga Zariya, ya ci birnin Kano ran 3 ga Fabrairu. Labari ya tarad da Sarki yana kan hanyar komowa, a ƙasar Zamfara. Da dare ya yi sai ya sulale ya yi arewa, bai sallami kowa ba.

Da gari ya waye jama'a suka ga ba Sarki, sai shawara ta rabu biyu. Wambai Abbas da mutanensa suka ga gara a koma Kano a nemi amana. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi ya ci gaba da yaƙi, ko a sami nasara, ko a yi shahada.

A lokacin nan rundunar Turawa ta riga ta bar Kano ta doshi Sakkwato, tana aika 'yan sintiri bisa dawaki su duba hanya. Wajen ƙarshen Fabrairu wata ƙungiya tasu, ƙarƙashin Laftanar Wright, ta yi kiciɓis da mutanen Waziri kusa da Kwatarkwashi. A ƙidayar Turawa, su hafsa 2 ne da soja 44, Kanawa kuwa mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Soja suka sauka, suka ja sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe bindigogi na duban waje. Barade suka yi ta kawo sukuwa da takobi da mashi har wajen sa'a biyu, amma harsashi bai bar su sun karya sahun ba. Cikin wannan gumurzu Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada.

Daga nan hanya ta buɗe. Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, Gwamna Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano. Aliyu kuwa aka kama shi, ya rasu a Lakwaja cikin 1926.

Akwai abu uku da mai riƙon ƙasa zai lura da su. Na fari, ranar wuya ita ce ranar da jama'a suka fi bukatar ganin shugabansu. Na biyu, rundunar da shawararta ta rabu ta raunana tun ba ta ga abokin gaba ba. Na uku, jaruntaka ba ta isa ba sai an haɗa ta da sani da tsari.

Waɗanda suka ga yaƙin nan da idonsu duk sun shuɗe, amma jikokinsu na nan da abin da suka ji. Wajibi ne hakimai su sa malamansu su bi dattawa su rubuta, su kuma adana tsofaffin takardu, kada gara ta cinye su.