GYARAN RUBUTUN ƊALIBI AMANA CE

Darasinmu na yau na malamai ne, na islamiyya da na boko, da duk wanda yaro yake miƙa wa takarda ya ce a duba masa.

Malaman nahawu sun ruwaito cewa abin da ya zaburar da Abul Aswad Ad-Du'ali, wanda ya rasu shekara ta 69 bayan hijira, shi ne jin wani ya canja wasali ɗaya a aya ta 3 ta Suratut Tauba, sai ma'ana ta juye gaba ɗaya. Tun daga nan malamai ba su yi wa kuskuren harshe riƙon sakainar kashi ba. Shi ya sa har gobe a zaurukanmu ake fara wa ɗalibi da Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas. Shi ya sa kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Al-Bahrul Muhiɗ a nahawu da Al-Hisnur Rasin a sarafu.

To amma gyara shi ma yana da ladabinsa. Ga yadda nake bi da takardun ɗalibai a nan Sara.

Na farko, ina fara wa da kuskuren da yake canja ma'ana. Yaro ya rubuta "baki sun zo" alhali baƙi yake nufi, ko "kasa" a wajen ƙasa. Wannan ƙugiyar da aka yar ita ce wasalin namu. Haka raba kalma da haɗe ta: jaridar da aka kafa a Zariya a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Idan ka haɗe ka rubuta "tafi", ka kori gaskiya ke nan, ka ce ta kama hanya.

Na biyu, ba na cika takarda da jan biro. Yaron da ya ga gyara talatin a shafi ɗaya ba zai riƙe ko ɗaya ba, ninke ta zai yi ya jefa a jaka. Ka zaɓi biyu ko uku da yake yawan maimaitawa, ka ja layi, ka bar shi ya gyara da hannunsa. Alarammomin tsangaya sun riga mu sanin wannan: gardi ya kawo allo, a nuna masa gurbin, shi zai koma ya gyara.

Na uku, ka faɗi dalili. Ƙasar Gwaram tana iyaka da Bauchi, kuma a karin harshen Bauchi ana cewa "motan malam". Idan ɗalibi ya rubuta haka, kar ka ce masa bai iya Hausa ba, don abin da ya ji a gida ne. Ce masa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, tana bambanta namiji da mace: gidan malam, motar malam. Da ita ake jarrabawa, da ita ake buga littafi.

Na huɗu, ka fara da abin da ya yi daidai, kuma ka keɓe shi. Karanta kuskuren yaro a gaban aji don a yi dariya tozartawa ce. Akwai yaran da daga ranar suke ajiye alƙalami, kuma alhakin yana wuyan malam.

Sannan mu masu rubutun wa'azi a Facebook, mu ma a duba mu. Kafin ka saki fassarar aya ko hadisi, ba wa wanda ya fi ka ya karanta. Mutum dubu za su iya kwafar kuskurenka kafin la'asar.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu sauke amanar da aka ɗora mana.