Yaro a hanya amana ne

Ya kai mai karatu, ka taɓa jin yaro ya shiga jirgin sama shi kaɗai, babu uwa babu uba? Ana yi. Amma ba a yi da ka, akwai doka.

Mafi yawan kamfanonin jirgi ba su ɗaukar yaron da bai kai shekara 5 ba in babu babba tare da shi. Daga shekara 5 zuwa 11 suna ɗauka, amma sai iyaye sun cika takarda. A ciki ake rubuta sunan yaro, da sunan wanda ya kawo shi, da sunan wanda zai tarbe shi, da lambar wayarsu. Takardun yaron a ƴar jaka ake sa su, a rataya masa a wuya. Wanda ya rako shi ba ya barin filin jirgi sai jirgi ya tashi. In an sauka, ma'aikaci ne ke riƙe da yaron. Ba ya ba da shi sai ga mai sunan nan, shi ma sai ya nuna katin shaidarsa.

Za ka ce: «Mu nan Falanko ina ruwanmu da jirgi?» Gaskiya ne. To amma ƴaƴanmu ba su tafiya? Wani an kai shi lakwal Tanut. Wani ya tafi karatun allo Damagaram. Wata an aika ta wurin gwaggonta Agadas. Sau da yawa sai mu ɗora yaro a mota, mu ce wa karen mota «ka sa ido», mu koma gida. In mota ta lalace a daji, ko ta iso tasha da dare, wa zai nemi yaron? Masu fataucin yara irin wannan damar suke jira. Saboda su ne ƙasarmu Nijar ta kafa dokar hana fataucin mutane a shekarar 2010.

Don haka ka ari dabarar masu jirgi. Ka damƙa yaro ga babba wanda ka sani, ka san gidansu. Ka rubuta sunan yaro, da garinsu, da lambar mai tarbarsa, ka sa masa a aljihu. Ga amfanin karatun da kake koyo! Ka haɗa masa da takardar haihuwa, da ruwa, da guzuri. Ka riƙe lambar motar. Ka kira mai tarba tun mota ba ta tashi ba. Kada hankalinka ya kwanta sai ka ji muryar yaron daga can.

Tambayoyi
1. Daga shekara nawa yaro ke shiga jirgi shi kaɗai?
2. Wa ake ba yaro in jirgi ya sauka?
3. Rubuta takardar da za ka sa wa ɗanka a aljihu.