BEGEN MADINA DA BEGEN GIDAN INNA

  

Kwanakin baya a ajinmu na matan aure a nan Minjibir, muna cikin babin Hajji a littafin Risala, sai na ga wata ɗalibata tana share hawaye da gefen hijabi. Na ce, "Hajiya lafiya?" Ta ce, "Malama, wallahi Madina na tuna. Ni tun da na dawo jikina ne kawai a nan." Sai na ajiye littafi na ce kowacce ta faɗi wuri ɗaya da ta taɓa zuwa, wanda zuciyarta ta fi son komawa. Waɗanda suka sauke farali duk Madina suka ce. Sauran kuwa wata ta ce gidan kakarta a Maraɗi, wata ta ce Zariya inda ta yi hutu wurin yayarta, wata ta ce Dam ɗin Tiga da aka kai su suna 'yan firamare. Babu wadda ta rasa amsa. Ni ma ina da wurarena guda biyu, kuma a kansu zan gina darasinmu na yau, domin na yi kuskure a tsakaninsu wanda ba na son wata ta maimaita.

WURI NA FARKO: DAURA

Muna yara, da zarar an yi dogon hutu na damina, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, zai saka mu a mota zuwa Daura wurin Inna, yayar mahaifiyarmu. Mu bi ta Ɗambatta da Kazaure, gero ya yi tsayi dama da hagu, mu kuwa muna ta ƙirga garuruwa. Kafin mu sauke kaya ta riga ta dama fura a babbar ƙwarya. Inna ba ta taɓa haihuwa ba, saboda haka mu ne 'ya'yanta. A wurinta na koyi kirɓa fura da saƙar faifai, kuma ita ta gyara mini alwala tun kafin malaman makaranta su gyara.

Ita ce ta fara kai mu Rijiyar Kusugu. Ta ba mu labarin da aka gada daga bakin magabata, na macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya kashe shi ya auri Sarauniya Daurama. Shekarar da hutunmu ya zo daidai da watan Mauludi har hawan Sallar Gani muka kalla, zamanin Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya rasu a 2007. Da na yi aure sai zuwa ya ja baya. Sau ɗaya na leƙa, shi ma biki ne ya kai ni, ko kwana ban yi ba.

WURI NA BIYU: MADINA

A 2019 Allah Ya nufe ni da sauke farali, da kuɗin gadon mahaifina da ɗan adashin da na tara. Kujera a shekarar kimanin naira miliyan ɗaya da rabi ce. Kwana takwas muka yi a Madina. Wadda ta je ta san abin da nake nufi, wadda ba ta je ba Allah Ya kira ta. Har yau in na rufe ido ina ganin manyan laimomin harabar Masallacin Annabi suna buɗewa da hantsi, ina jin sanyin asuba lokacin da muke sauri mu sami sahu. Na tuna daren da na samu shiga Rauda bayan dogon jira, na tsaya a kan koren kafet na rasa ma addu'ar da zan fara. Mun je Ƙuba, mun je Uhudu mun yi sallama ga Sayyidina Hamza da sauran shahidai. Ranar da motarmu ta kama hanyar Makka babu wadda ba ta yi kuka ba.

INDA NA YI KUSKURE

Tun a jirgin dawowa na ƙudurta sai na koma ko da Umara ce. Na buɗe asusu, duk abin da ya shigo hannuna can yake tafiya. Sai annobar korona ta zo, a 2020 da 2021 ba a bar mahajjatan ƙasashen waje sun je ba. Da aka buɗe kuma kuɗi suka yi ta hawa. Kujerar Hajji ta kusa miliyan 3 a 2023, ta haura miliyan 8 a 2025, Umara ma ta bi sahu. Ina tarawa, farashi yana gudu ya bar ni.

A tsawon wannan lokaci Inna tana ta aiko da saƙo. In muka yi waya sai ta ce, "Yaushe za ki kawo mini jikokina in gan su?" In ce, "Inna, in an yi hutu in sha Allahu." Hutu ya zo, in lissafa kuɗin motata da na yara da tsaraba, sai in ga ai gara in jefa su a asusun Umara, Daura ai tana nan. Ko tsarabarta ta Hajji, dabino da zamzam da carbi, a hannun wani na aika.

A daminar 2022 aka bugo mini da asuba cewa Inna ta cika. Na shiga mota, tafiyar ko awa uku ba ta kai ba. Awa uku, 'yan'uwa! Na tarar an riga an kai ta. Matar da ta yi jinyarta ta miƙo mini carbin nan da na aika, ta ce ba ya rabuwa da hannunta, kuma duk wanda ya shigo sai ta ce masa 'yarta ce ta kawo mata daga Madina. Ni kuwa na san ban kawo ba, aikawa na yi. Da-na-sani ƙeya ce.

DARASI NA ƊAYA: BEGE BA LAIFI BA NE

Kada wata ta fahimce ni a karkace. Kewar wuri ɗabi'a ce da Allah Ya halicci ɗan Adam da ita. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya bayyana irin son da yake yi wa Makka lokacin da aka tilasta masa barinta. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin yadda zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal (R.A.) farkon zuwansu Madina, har Bilal ya riƙa ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda kewa. Annabi bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. To balle begen Masallacin Annabi, wanda yana cikin masallatai uku da shari'a ta kwaɗaitar a yi tattaki domin salla a cikinsu. Wadda ke kuka in ta tuna Madina, alheri ne a zuciyarta.

DARASI NA BIYU: A AUNA BEGE DA MA'AUNIN SHARI'A

Hajji wajibi ne sau ɗaya a rayuwa ga wanda ya sami iko. A mazhabarmu ta Malikiyya Umara sunna ce mai ƙarfi, ita ma sau ɗaya. Abin da ya ƙaru a kan haka nafila ne. Annabi (S.A.W.) Hajji ɗaya ya yi bayan Hijira, a shekara ta 10. Sada zumunci kuwa wajibi ne, yanke shi babban zunubi ne. Kin ga ni na tsaya neman nafila na yi sakaci da abin da ya fi ta nauyi.

Kuma 'yar'uwar uwa ba ƙaramin matsayi gare ta ba. A shekara ta 7, lokacin Umarar ramuwa, Ali da Ja'afar da Zaidu (R.A.) kowa ya so ya riƙe 'yar Sayyidina Hamza. Annabi ya ba wa Ja'afar, domin matarsa Asma'u 'yar Umaisu 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya kuma sanya inna a matsayin uwa. Mu tuna da Uwaisul Ƙarni na ƙasar Yaman. Ya yi zamani da Annabi amma bai je Madina ya gan shi ba, ya zauna yana hidimar mahaifiyarsa. Wane bege ne ya kai nasa? Amma wannan zaman ya ɗaukaka shi, har Sayyidina Umar (R.A.) ya nemi ya roƙa masa gafara bisa umarnin Annabi.

A nan zan ja kunnenmu. Akwai wadda ke cin bashi ta koma Umara karo na uku. Akwai mai sayar da gonar da 'ya'yanta ke ci daga ita. Akwai mai hana maigida sakat da gori, wai mijin wance ya sake biya mata. Haba 'yar'uwa! Ba a zuwa ɗakin Allah da haƙƙin mutane a wuya, ko a bar gida babu zaman lafiya.

DARASI NA UKU: WURI YANA JIRA, MUTUM BA YA JIRA

Rijiyar Kusugu tana nan inda na bar ta. Bayan kwana bakwai na Inna na kai yarana suka gani, amma ban ji komai ba. A nan na gane ashe ba Daura nake kewa ba, Inna ce Daurar tawa. Ki bincika naki wurin da kyau. Mafi yawa za ki tarar akwai wani mutum a tsakiyarsa, kaka ko gwaggo ko yaya ko tsohuwar malama. In tana raye, yau ce ranar shirin tafiya. Waya tana da amfani, amma magabata sun ce zumunta a ƙafa take.

Ko wurin ma ba ya zama yadda kika bar shi. Waɗanda suka je Madina bayana sun ce yanzu sai an nemi izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk. Waɗanda suka je tun kafin 2018 kuwa ba su san jirgin ƙasan da ke haɗa Makka da Madina cikin awa biyu da ɗoriya ba. Saboda haka wadda Allah Ya sake kira ta je da niyyar ibada sabuwa, kada ta je neman jiya.

DARASI NA HUƊU: ME YA SA MADINA TA YI MIKI DAƊI?

Na tambayi ɗalibar nan tawa, "A Madina salla nawa ta kuɓuce miki a kan lokaci?" Ta ce ko ɗaya. "Izu nawa kike karantawa a rana?" Ta ce biyu, wani lokaci uku. "Da wa kika yi faɗa, wa kika yi da shi?" Ta yi dariya ta ce ina ta ga lokaci. Na ce to rabin abin da kike kewa ke nan, kuma wannan rabin ba ya bukatar biza. Falalar garin Annabi ba a samunta a Minjibir, wannan gaskiya ne. Amma salla a farkon lokaci, da riƙe Alƙur'ani, da kame harshe, da yawaita salati, duk ana iya dawowa da su gida. Su ne tsarabar da ta fi dabino.

DARASI NA BIYAR: LADABIN BA DA LABARI

In muna labarin tafiye-tafiyenmu mu lura da wadda ke zaune kusa da mu. Akwai baiwar Allah da ta shekara talatin tana roƙon zuwa, ba ta samu ba. Labarin da zai ƙara mata shauƙi da ilimi alheri ne. Lissafin otal da gwala-gwalai da yawan zuwa kuwa yana karya mata zuciya, ke kuma yana iya cinye miki lada ta hanyar riya.

ABIN DA ZA MU YI

1. Kowacce ta rubuta sunayen dattawan danginta da ta shekara ba ta gani ba, ta fara da wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya.

2. Ta zauna da maigida cikin ladabi tun kafin hutun makaranta su tsayar da rana. Hutu uku ne a shekara, ko ɗaya aka ware ya isa. Mazajenmu kuma, don Allah ku taimaka, ladan har da ku.

3. Kada tsaraba ta hana tafiya. Mudun gyaɗa ko ƙullin daddawa da kuka sun wadatar, fuskarki tsohuwa ke son gani.

4. A tafi da yara su san danginsu, a yi tafiyar rana, a tambayi lafiyar hanya kafin a fita.

5. Mai burin Makka ta ci gaba da tari na halal a hankali ba tare da bashi ba. A 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar da tsarin adashin gata na Hajji, ana iya neman bayaninsa a ofishin alhazai. Amma a raba asusu biyu, kada na Umara ya cinye na zumunci.

Ni dai asusuna na Madina yana nan, ban fasa ba, kuma ina sa rai. Sai dai yanzu akwai ƙarami a gefensa, kuma duk dogon hutu ni da yara muna hanyar Kazaure wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage mana a ɗakinsu.

Allah Ya jiƙan Inna da dukkan magabatanmu. Waɗanda ba su je ɗakinSa ba Allah Ya kira su, waɗanda suka je Ya maimaita musu cikin yalwa. Ya ba mu ikon sada zumunci tun masu shi suna raye. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mana.