Yadda Ake Ƙera Dutsen Ado da Siminti a Gida

Ɗauko ƙaton dutse daga daji zuwa tsakar gida sai da mota da ƙarti. Amma da buhun siminti mai kilo 50, da yashi, da tarkacen gini, za ku iya yin wanda baƙo ba zai gane na hannu ne ba.

1. Ku fara da kallon dutsen gaske. Duwatsun Jos da na Kufena a Zariya masu sulɓi ne, da tsaga jefi-jefi, ita kuwa marmara ja ce mai ƙananan ramuka. Ku zaɓi iri ɗaya ku bi. Abin da ya fi tona asirin dutsen siminti shi ne a mulmula shi kamar curin fura.

2. Kada ku cika cikinsa da kwaɓi, asara ce. Ku tara fasassun bulo ko buhunan da aka cusa wa ɓaraguzai, ku lulluɓe da ragar waya irin ta kejin kaji, ku lanƙwasa ta yadda kuke so.

3. Kwaɓi: kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi mai tsabta. Ruwa kaɗan-kaɗan, har sai an dunƙula a hannu ya tsaya. A shafa sau biyu, kaurin duka ya kai santimita 4 zuwa 5.

4. Launi a cikin kwaɓin ƙarshe ake zuba shi. Jan garin da magina ke sa wa daɓe ya wadatar, a ɗan haɗa da baƙi a wasu wuraren. Fentin mai ba na so a nan, domin yana ƙyalli, rana kuma tana ɓare shi.

5. Kafin ya daskare, ku danna masa cukurkuɗaɗɗiyar leda ko jiƙaƙƙen soso, ku ja tsaga biyu ko uku da bakin cokalin gini, ku watsa busasshen yashi a kai.

6. Ban ruwa shi ne rabin aikin, kuma a nan aka fi gaggawa. Siminti da danshi yake yin ƙarfi, idan ya bushe da wuri sai ya tsattsage. Ku rufe dutsen da jiƙaƙƙen buhu da leda, ku yayyafa ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Da hunturu ko zafin bazara a yi aikin a inuwa, a ƙara yawan yayyafin.

7. Safar hannu da takunkumi dole ne. Ɗanyen siminti yana cin fata, don haka a nisanta yara.

8. Sabon siminti yana fitar da sinadarin da ke cutar da wasu shuke-shuke da kifi. A yi ta wanke dutsen na 'yan makonni kafin a dasa fure a jikinsa.

9. Wajen ajiyewa, ku binne gindinsa kaɗan a ƙasa, ku toshe duk kafar da kunama za ta iya shiga. Kada ku bar kwarmin da ruwa zai kwanta, saboda sauro.